Suna a Takarda, Mallaka da Izinin Riƙo: Matsayin Bindigar da Aka Sayar Idan Ta Faɗa Hannun 'Yan Sanda a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wata matsala da ke yawan tasowa a Amurka, wato halin da ake shiga idan 'yan sanda suka gano bindiga, suka bi sawunta, sai sawun ya tsaya a kan mutumin da ya daɗe da sayar da ita. Maƙalar ta nuna cewa tambayoyi uku ne mabambanta ke ƙunshe cikin wannan lamari: wa takarda ta ambata, wa ya mallaki bindigar, wa kuma doka ta yarje wa ya riƙe ta. An bi kowace tambaya ta fuskar dokokin tarayyar Amurka da hukunce-hukunce biyu na Kotun Ƙolin ƙasar, sannan aka waiwayi tsarin Ingila da na Nijeriya da kuma babin istihƙaƙi a fiƙihun Malikiyya. An gano cewa cakuɗa waɗannan tambayoyi shi ne tushen ruɗanin, kuma harshen Hausa yana da kalmomin da za su rarrabe su.

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan yi maganar akuyar da aka sayar ta dawo tana cin danga, idan suna nufin abin da mutum ya rabu da shi amma bai huta da ɗawainiyarsa ba. Da wuya a sami hajar da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar bindiga. Ƙarfe ce mai tsawon rai, takan yi shekara hamsin ko fiye tana aiki, ta ratsa hannaye da dama, alhali lambar da maƙera suka buga mata tana nan daram. A Amurka, inda farar hula ke da damar mallakar bindiga da sayar da ita, yakan faru jami'in tsaro ya buga wa mutum waya ko ya ƙwanƙwasa masa ƙofa a kan bindigar da ya sayar shekaru goma baya, wadda yanzu aka tsinta a wurin aikata laifi, ko a motar wani da aka tsayar, ko a gidan mamaci.

Daga nan tambayoyi kan biyo baya. Shin har yanzu bindigar tasa ce, tunda sunansa ne ya fito? Idan an ce ya zo ya karɓa, ya halatta ya karɓa? Idan kuma an yi kisa da ita, mene ne rabonsa a cikin alhakin? A kan amsoshin ne dukiyar wani, mutuncin wani, wani lokaci ma 'yancin wani suka rataya.

2.0 Kalmomi Uku da Ya Kamata a Rarrabe

Kalma ta farko ita ce suna a takarda, wato sunan wanda kundin ɗan kasuwa ko na hukuma ya nuna ya karɓi bindigar a wata rana. Ta biyu ita ce mallaka, wato haƙƙin da ke ba mutum ikon sayarwa, ko kyautarwa, ko barin abu gado. Ta uku ita ce riƙo, wato kasancewar abu a hannun mutum ko ƙarƙashin ikonsa. Bahaushe ya san bambancin biyun ƙarshe tun a rayuwar yau da kullum: mai aro da mai ajiya da mai jingina duk suna riƙe da kaya, amma babu ɗayansu da ya mallake shi. Abin da bindiga ta ƙara a kan sauran kaya shi ne riƙonta yana buƙatar yardar doka. Saboda haka ana iya samun bindiga guda wadda takarda ta ambaci mutum na farko, mallakarta tana ga na biyu, an kama ta a hannun na uku, kuma cikinsu babu wanda za a miƙa wa ita nan take.

3.0 Yadda Ake Bin Sawun Bindiga

Dokar Kayyade Bindigogi ta 1968 ce ta wajabta a buga wa kowace bindiga da kamfani mai lasisi ya ƙera a Amurka ko ya shigo da ita lambar da ta keɓanta da ita, ta kuma wajabta wa masu lasisin ciniki su adana bayanin abin da suka saya da wanda suka sayar. Duk wanda ya sayi bindiga a kanti mai lasisi yakan cika takarda mai lamba 4473, wadda ke ɗauke da sunansa da adireshinsa da bayanin bindigar. Takardar tana zama a kantin. Wata doka ta 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar da ke haɗa bindigogi da sunayen masu su, don haka babu wata kwamfuta ta ƙasa da za a shigar wa lamba ta fito da sunan mai bindiga na yanzu.

Idan 'yan sanda suka gano bindiga, sukan aika bayaninta zuwa hukumar ATF, wadda ke da cibiyar bin sawu a garin Martinsburg na jihar Birjiniya ta Yamma. Cibiyar takan fara da kamfanin da ya ƙera bindigar ko ya shigo da ita, ya faɗi babban ɗan kasuwar da ya sara, shi kuma ya faɗi kantin da ya kai wa, kantin ya duba takardunsa ya faɗi wanda ya saya. Idan kantin ya rufe, takardunsa suna cibiyar, domin doka ta ce a aika mata su cikin kwana 30 da daina sana'a. Kafin 2022 an yarje wa kantuna su zubar da takardun da suka haura shekara 20, wanda hakan ya sa sawun tsofaffin bindigogi da yawa ke ɓacewa. Daga shekarar aka ce su riƙe su muddin suna sana'ar.

A bisa al'ada, a kan mai saye na farko sawun hukumar yake tsayawa. Dalili kuwa shi ne dokar tarayya ta yarda mutumin da ba shi da lasisi ya sayar wa mazaunin jiharsu bindigarsa ba tare da rubuta komai ba, matuƙar bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zaton, cewa mai sayen yana cikin waɗanda aka haramta wa riƙe makami. Girman wannan giɓi ya fito fili a rahoton da ATF ta fitar a 2023. Daga 2017 zuwa 2021 an nemi a bi sawun bindigogi kimanin miliyan 1.9 da aka danganta da laifi, aka gano mai saye a kashi 77 cikin ɗari. A cikin waɗanda aka gano ɗin, kimanin kashi 12 ne kawai mai sayen ya kasance shi ne wanda aka kama bindigar a hannunsa. Ke nan sunan da bin sawu ke fitarwa, a mafi yawan lokuta, sunan wanda bindigar ta riga ta bari ne. Matsayinsa a wurin mai bincike shi ne na bakin zare.

Wasu jihohi sun ƙuntata giɓin da nasu dokokin. A Kalifoniya, alal misali, tun 1991 sai ta hannun kanti mai lasisi ake cinikin bindiga tsakanin mutum da mutum, jihar tana da kundinta na cinikayya, tana kuma da takardar da mutum zai cika ya sanar cewa wata bindiga ba ta hannunsa kuma.

4.0 Mallaka Bayan Ciniki

Dokar makamai ba ita ke yanke hukuncin mallaka ba. Wannan aikin dokar dukiya da ciniki ne ta kowace jiha, kuma dukkan jihohin Amurka in ban da Luwiziyana sun karɓi babi na biyu na Daidaitaccen Kundin Dokokin Kasuwanci, wanda ya shafi sayar da kaya. A ƙarƙashinsa bindiga kaya ce kamar agogo ko keke.

4.1 Cinikin da Ya Kammala

Ƙa'idar ita ce mallaka tana komawa ga mai saye a lokacin da mai sayarwa ya miƙa kayan, sai fa idan sun yi wata yarjejeniya ta daban. Rashin rasit ba ya ɓata cinikin da aka biya kuɗi aka karɓi kaya. Wahalar da yake jawowa ta kafa hujja ce. Saboda haka wanda ya sayar da bindigarsa ya karɓi kuɗinsa ba shi da sauran haƙƙi a kanta, ko da sunansa ne kaɗai ke cikin takarda.

A nan ne jarrabawa take. Yakan faru ofishin 'yan sanda, bayan an gama shari'a, ya rubuta wa wanda sawu ya tsaya a kansa cewa ya zo ya karɓi kayansa, domin sunansa kaɗai suke da shi. Wasiƙar ba ta mayar masa da mallakar da ya sayar. Idan ya je ya sa hannu a matsayin mai ita, ya faɗi abin da ba gaskiya ba ga hukuma, kuma mai sayen, wanda wataƙila shi aka sace wa bindigar, yana da damar ya bi shi kotu. Idan har ba a sami mai ita ba, dokar jiha a kan kayan da ba a zo nema ba ita ke aiki: wasu wurare a narkar da bindigar, wasu hukuma ta riƙe ta, a jihar Kentaki kuwa doka ta tanadi a yi gwanjon bindigogin da aka ƙwace ga masu lasisi.

4.2 Bindigar Sata

Tsohuwar ƙa'idar dokar Ingilishi, wadda Amurka ta gada, ita ce mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Ɓarawo ba shi da mallaka, don haka wanda ya saya daga gare shi bai sami mallaka ba, haka ma wanda ya saya daga wannan, komai tsawon jerin kuma komai kyan niyyarsu. Hukumar FBI tana da kundin ƙasa na bindigogin da aka ba da rahoton sace su, kuma bayanin da aka shigar yana zama a ciki har sai ofishin da ya shigar da shi ya janye. Wannan ya sa bindigar da aka sace shekara talatin baya kan iya komawa ga mai ita ko magadansa.

Wannan ƙa'ida tana shafar mai sayarwa ta fuska biyu. Idan shi kansa ya sayi bindigar ne ba da sanin ta sata ce ba, sannan ya sayar, to wanda ya saya daga gare shi zai rasa ta, kuma yana iya neman kuɗinsa daga gare shi, domin mai sayarwa yana ɗauke da lamunin cewa abin da ya sayar nasa ne. Idan kuwa bayan cinikin ne aka sace ta daga mai saye, mai sayen ne mai haƙƙi, kuma shaidar mai sayarwa ce za ta taimaka masa ya tabbatar da hakan. Akwai kuma kamfanin inshora: idan ya riga ya biya diyyar satar, haƙƙin bindigar da aka gano kan koma gare shi gwargwadon yarjejeniyar da aka ƙulla.

4.3 Yaudara, Aro da Jingina

Tsakanin ciniki sahihi da sata akwai mataki na uku. Idan an yaudari mai sayarwa, kamar a ba shi cakin banki da ba kuɗi a bayansa, to mai sayen ya sami mallaka mai rauni wadda za a iya warwarewa. Muddin bindigar tana hannun mayaudarin, mai sayarwa yana iya neman a dawo masa da ita. Da zarar mayaudarin ya sayar wa wani wanda ya biya kuɗi da zuciya ɗaya, mallakar ta tabbata ga wannan na uku, sai dai mai sayarwa ya bi mayaudarin bashin kuɗinsa. Aro da ajiya kuwa ba sa ɗauke mallaka ko kaɗan. Shi ya sa tambayar farko da mai bincike kan yi ita ce ta yadda bindigar ta bar hannun mutum: sayarwa ya yi, ko kyauta, ko aro, ko ɓata ta yi.

5.0 Izinin Riƙo da Hanyar Mayarwa

Tabbatar da mallaka ba ya nufin za a miƙa bindiga nan take. Da fari, idan tana cikin kayan shaida, za ta zauna a ma'ajiyar hukuma har a gama shari'a da ɗaukaka ƙara, abin da kan ɗauki shekaru. Na biyu, dokar tarayya ta ba da damar a ƙwace bindigar da aka yi amfani da ita wajen wasu laifuffuka ta zama ta gwamnati, ko da yake wata doka ta 2000 ta ba mai dukiya damar kare kansa idan ya nuna bai san da laifin ba. Na uku, bindigar da aka goge lambarta haramun ce a riƙe ta, don haka ba a mayar da ita a yadda take. Wanda yake ganin an riƙe masa kaya ba bisa ƙa'ida ba a shari'ar tarayya yana da damar shigar da buƙata gaban kotu a ƙarƙashin ƙa'ida ta 41 ta tsarin shari'ar laifuffuka. A Kalifoniya sai mai neman ya fara samun takardar ma'aikatar shari'a ta jihar mai nuna ya cancanci riƙe makami.

Hukuncin da ya fi fito da bambancin mallaka da riƙo shi ne na shari'ar Henderson da Gwamnatin Amurka a 2015. Tony Henderson jami'in tsaron kan iyaka ne da aka tuhuma da laifin rarraba tabar wiwi, aka sa ya miƙa bindigoginsa ga FBI a matsayin sharaɗin beli. Da ya amsa laifi, sai ya shiga sahun waɗanda aka haramta wa riƙe makami. Ya nemi a miƙa bindigogin ga wani da zai saya, hukuma ta ƙi, ƙananan kotuna suka goyi bayanta. Kotun Ƙoli, da bakin alƙalanta tara ba saɓani, ta ce haramcin ya shafi riƙo ne, bai shafe mallaka ba. Saboda haka kotu tana iya ba da umarnin a miƙa bindigogin ga ɗan kasuwa mai lasisi ko wani mutum, idan ta gamsu cewa mai laifin ba zai ci gaba da juya su ta bayan fage ba.

6.0 Alhakin Mai Sayarwa

Fitowar sunan mutum a bin sawu ba tuhuma ba ce. Wanda ya yi ciniki bisa doka ba ya ɗaukar laifin da wani ya aikata da bindigar daga baya. Abin da masu bincike ke dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ranar saye da ranar da aka gano bindigar. Idan ba ta kai shekara uku ba, ATF na ɗaukar hakan alama ce da ke iya nuna fataucin makamai, musamman idan sunan mutum guda ya yi ta maimaituwa.

Alhaki yana hawa kan mai sayarwa ne idan ya sayar wa wanda ya san an haramta masa, ko ya sayar wa mazaunin wata jiha ba ta hannun mai lasisi ba, ko ya mayar da saye da sayarwa sana'a ba lasisi, ko ya yi aron hannu, wato ya sayi bindiga da sunansa alhali wani ne ya aiko shi. A shari'ar Abramski ta 2014, wani tsohon ɗan sanda a Birjiniya ya sayi ƙaramar bindiga samfurin Glock domin kawunsa, ya rubuta a takardar 4473 cewa shi ne ainihin mai saye. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da laifinsa, duk da cewa kawun ba ya cikin waɗanda aka haramta wa makami. Hujjar kotun ita ce tsarin gaba ɗaya ya dogara ga gaskiyar sunan da ke takarda.

Haɗarin da ya fi kusa da mai sayarwa na gari shi ne tsoro ya sa shi ƙarya. Wanda ya manta sunan mai saye, sai ya ce sace bindigar aka yi don ya huta da tambaya, ya ƙirƙiri laifin da da babu shi: yi wa jami'in tarayya ƙarya da gangan yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyar, kuma rahoton satar ƙarya yana iya jefa mai saye marar laifi cikin tuhuma. Takardar ciniki mai ɗauke da kwanan wata da lambar bindiga da sunayen ɓangarorin biyu, ko yin cinikin ta hannun kanti mai lasisi, su ne ke rufe wannan ƙofa tun daga farko.

7.0 Waiwaye a Wasu Tsare-tsare

A Birtaniya matsalar ba ta cika tasowa da wannan siffa ba. Dokar 1997, wadda ta biyo bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996, ta wajabta a yi musayar bindiga ido da ido, kuma masu takardar izini su sanar da shugaban 'yan sandan yankinsu cikin kwana bakwai. Da haka takarda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da mallaka.

A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta ɗora riƙo a kan lasisi: na wasu makamai daga Shugaban Ƙasa, na wasu daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, na bindigar ɗuri ta baki irin ta mafarauta kuwa daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Don haka tambayar izini ce ke gaba da ta mallaka, kuma bindigar da maƙerin gida ya ƙera galibi ba ta da lambar da za a bi.

Ta fuskar mallaka kuwa, masu nazarin al'adun Hausawa za su ga kamanni da babin istihƙaƙi na fiƙihun Malikiyya, wanda ke cikin littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da su, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim. Wanda ya ga kayansa a hannun wani yakan kawo shaidu, sannan ya rantse cewa kayan bai fita daga mallakarsa ta hanyar sayarwa ko kyauta ba. Idan ya karɓe kayan, mai sayen yakan koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa. Wannan rantsuwa ta taɓo ainihin batun wannan maƙala, domin wanda ya sayar da bindigarsa ba zai iya yin ta ba, ko da duk takardun duniya suna ɗauke da sunansa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bin sawun bindiga a Amurka yana amsa tambaya guda ce kawai, wato wa ya fara sayenta daga kanti. Mallaka tana bin ciniki, tana komawa ga mai saye da miƙa kaya, sata ba ta yanke ta, yaudara kuma tana raunana ta. Riƙo yana da nasa sharuɗɗan, waɗanda kan iya hana mai abu karɓar abinsa ba tare da sun raba shi da darajarsa ba. Wanda ya sayar da bindiga bisa doka, matsayinsa idan ta sake ɓullowa shi ne na mai shaida, kuma abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya faɗi wanda ya miƙa wa, da lokacin, da yadda aka yi. Ga masu fassarar labarai da dokoki zuwa Hausa kuwa, akwai abin lura: jimlar nan ta “bindigar wane ce” tana iya ɗaukar ma'anoni uku, kuma zaɓen wadda ba ita ba yana iya jingina wa mutum laifin da ba nasa ba, ko ya ba shi dukiyar da ya riga ya ci kuɗinta.